Tsiron da ya fito gindin katanga

Litinin, 4 ga Agusta 2025
Bayan ruwan makon jiya wani tsiro ya fito gindin katangar gabas, tsakanin na'ana'a da zogale. Ban shuka shi ba. Na duba ƙasidun ma'aikatar noma da nake ajiyewa, ban ga hotonsa ba. Ƙasidar ciyayi ta ce duk abin da mai lambu bai sani ba ya cire shi tun yana ƙarami. Matata Habsa ta hana. Ta ce a nan ɗanmu Mourtala ya kakkaɓe jakarsa da ya zo Babbar Salla, kafin ya koma haƙar zinariya Djado. Tun komawarsa ba mu ji muryarsa ba. Wai babu rezo can, waya ba ta shiga.

Asabar, 9 ga Agusta
Ganyen ya rabu kamar yatsun hannu, bakinsa da tsaga-tsaga. A cikin takarduna na tarar da ƙasidar da aka raba a asibiti kan miyagun ƙwayoyi. Akwai zanen ganyen wiwi a bangonta. Na tsuguna na gwada. Ya yi kama, kuma bai yi ba. Zanen ya koɗe. Idan shi ne, to daga jakar ɗana ya fito. Ban faɗa wa uwarsa ba.

Juma'a, 15 ga Agusta
Na yi fatan rama ce. Habsa ta ce, "Malam, ni za a koya wa rama? Na ɗanɗana, ba tsami." Ta ɗanɗana! Na yini ina duban idanunta. Da la'asar ta ce in daina kallonta kamar likita.

Talata, 19 ga Agusta
Issouf ya zo aron bido na ɗiban ruwa. Mutum ne da ya tsufa a lambunan bakin ƙoramar Telwa, kallo ɗaya zai yi ya faɗi sunan abin. Amma abin da Issouf ya sani da hantsi, majalisar shayi ta san shi kafin azahar, kuma ƙanen matarsa jandarma ne. Ina jin sallamarsa na kifa bahon wanki a kan tsiron. Ya ce, "Alkasum, kaza ka ɓoye mana ne, ko kai ma ka samo zinariyar?" Na yi dariya. Na raka shi har ƙofa, tambayar tana bakina. Ya tafi.

Laraba, 27 ga Agusta
Na kira lambar Mourtala. A rufe.

Alhamis, 4 ga Satumba
Na yanke shawara bisa hujja: abin da ba a sani ba, kuma ba a iya tambaya a kansa, bai kamata ya zauna gidan mutum ba. Na ɗauki fartanya bayan karin kumallo. Habsa tana shanya, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Cire. Amma in ya dawo ya tambaya, kai za ka gaya masa mene ne ka cire." Na ce yaron bai ma san ya zubar da komai ba. Ta ce, "Ni na sani." Na tsaya da fartanya a hannu har rana ta kai ga katangar. Daga baya na yi wa albasa kaftu, alhali ba ta bukata.

Lahadi, 14 ga Satumba
Tsiron ya kai mini gwiwa. Wasu ƙananan ƙulle-ƙulle sun fito a hammatar ganyen. Idan fure ne, nan gaba kaɗan zai bayyana kansa, ko ina so ko ba na so. Ƙasidar asibitin na mayar da ita ƙarƙashin sauran. Ba ta da cikakken bayani dama.

Akuyar maƙwabta ta shigo jiya ta cinye ganye biyu. Yau na kewaye shi da ragar waya. Na yi haka ne don lafiyar akuyar, tunda ba mu san abin da take ci ba. Ƙasar ta bushe, Habsa ta tafi gidan suna, sai na zuba masa sauran ruwan alwalata. Kaɗan ne.