Jan Murfi a Gindin Bututu

Litinin, 3 ga Maris. Bergen.
Tarihi ya shaida: yau na kammala ƙirga ɓawon ƙananan halittun da ke cikin lakar da muka haƙo da dogon bututu daga ƙasan tekun arewa. Shekara arba'in masana suna cewa a zamanin ƙanƙara ruwan nan farat ɗaya yake ɗumama, sannan ya huce sannu a hankali. Lakata ta ce akasin haka. Ranar 14 zan tsaya a taron Tromsø in rushe su gaba ɗaya, cikin ladabi.

Talata, 4 ga Maris.
Na gwada murmushin tawali'u a madubi. Bai zauna ba tukuna.

Alhamis, 6 ga Maris.
Gunvor, wadda ta shekara talatin tana tsaga mana bututun laka, ta tsaya a kaina tana tauna burodi da cuku.
"Eilif, wa ya rufe bututun nan a jirgin ruwa?"
Na ce ni, da hannuna mai albarka.
"Ranar da ka wuni rungume da bokiti kana amai?"
Na ce ranar da nake nazarin igiyar ruwa.
"To, babban masani, jan murfi a sama ake sa shi. Kai a gindi ka sa. Dubi tokar dutsen Iceland mai aman wuta da ke cikin lakar, tana inda ba ta taɓa zama ba."
Hassada ce. Na yafe mata.

Jumu'a, 7 ga Maris.
Na kulle ƙofa na duba tokar.

Litinin, 10 ga Maris.
Idan aka juya bututun, lakata tana faɗin abin da kowa ya sani tun ina ɗalibi. Ashe wata takwas ina karanta tarihin teku daga ƙarshe zuwa farko. Ga sunana an riga an buga a jadawalin taro.
Gunvor ta ce, "Ka ce ba ka da lafiya. Duk wanda ya gan ka a jirgi zai yarda."

Jumu'a, 14 ga Maris. Tromsø.
Na tsaya gaban mutum ɗari biyu na sanar da su cewa, bayan na binciki lamarin ta kai da ta gindi, suna da gaskiya. Har zancen murfin na faɗa. Bakina ne ya zarce. Suka yi dariya, sannan suka yi tafin da ban taɓa samu ba a dukan laccocina. Ban fahimci dalili ba.
Jibi sabon bututu zai iso. Na rubuta wa Gunvor ta duba shi kafin in taɓa. Don kada zaman banza ya dame ta ne kawai.