Kwaɗon da Za a Ɗaura wa 'Yata

Assalamu alaikum masu wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, don na riga ku.

Ni 'yar Zurmi ce, aure ya kawo ni Ƙaura. Mijina direba ne a hanyar Shinkafi. Tun haihuwata ta uku, wadda na sha doguwar naƙuda, jikina bai koma daidai ba. In na yi tari ko na ɗaga tulu sai fitsari ya zubo, ga nauyi a ƙasan marata kamar wani abu zai faɗo. Alwala ma ba ta zama. Barci kuwa mun raba gari, a zaune nake kwana ina zaryar bayan gida, kuma duk ranar da ya sace ni sai in farka a jiƙe. Wa zan faɗa wa? Uwar 'ya'ya uku da fitsarin kwance?

Wata safiya uwar mijina, Gwaggo, ta shigo ta ga tabarma sharkaf. Ta ce, "Wanga ya hi ƙarhin jinjiri. Wa yay yi?" Wallahi ban shirya ba, bakina kawai na turo wajen 'yar farina mai shekara bakwai, wadda muke kwana tabarma ɗaya. Shi ke nan na kashe ta da ranta.

Ubanta ya fara da ranƙwashi, ya koma tsumagiya, yanzu tsohon fambel na motarsa yake zabga mata. Tun da aka fara shari'ar Musulunci bana bakinsa bai huta ba: "Gwamnati ma bulala taka yi, bale ni cikin gidana!" Ranar nan ya ɗaure ta a turmi ya dake ta har bayanta ya fashe, tana ihu tana kallona, ni kuwa ina tankaɗe. Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta shiga tsakani in ana dukansa. To wannan kunyar na fake da ita. Har yabona Gwaggo take yi wa maƙwabta: "Ɗiyar mutane akwai kunya, ko kai ba ta ɗagawa." Kunya? Tsoro ne tsagwaronsa! Kuma ni ma ban bar ta ba. Rashin barci ya mai da ni mahaukaciya, ƙaramin abu sai in hau ta. Da muciya na taɓa fasa mata goshi don ta zubar da koko.

Yanzu Gwaggo ta ce duka ya kasa, sai maganin gargajiya. Ranar Juma'a za a ɗaura mata kwaɗo a ƙugu, a ɗora mata jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, yaran unguwa su zaga da ita suna waƙa suna jifa. Har an kamo kwaɗon, yana cikin ƙwarya a bayan randa, ina jin motsinsa.

Jiya da hantsi ina gasa mata bayan da tsumma da ruwan zafi, sai ta ce a hankali, "Inna, kwana ukku ke nan ba ni shan ruwa in anka yi la'asar. Jiya ko kwana ban yi ba, idona biyu har assalatu." Ta juyo ta dube ni. "Amma tabarma ta jiƙe." Tsumman ya faɗi daga hannuna. Ta ɗauka ta miƙo mini, ta ce, "Kak ki ji tsoro, ba ni hwaɗi."

In na buɗe baki, mutumin da ya yi wa jininsa haka, me zai yi wa wadda ta sa shi? Zurmi zan koma da saki da wannan suna. In na yi shiru, jibi Juma'a, kuma na san yarinyar nan za ta ɗauki tabarmar ba tare da ta ce uffan ba.

Jama'a, me zan yi?