Rabin Alkaki a Gidan Gwaggo

Daren Asabar, Gwarzo

Yau na je Getso sunan jikar Gwaggo, yayar Baba. Tunda likita ya ce sugana ya hau nake auna duk abin da zan ci. Gwaggo ta dire min faranti cike da alkaki, zuma har tana ɗiga. Raina ya biya sosai, amma rabin ɗaya kawai na gutsura, na ture sauran.

"Hauwa, abin nawa kika raina?" in ji ta.

Na ce, "A'a Gwaggo, ciwon suga gare ni."

Ta janye farantin da kanta, ta ce ciwon da ya sa aka yanke wa Baba ƙafa ke nan. Mu tun muna yara ce mana aka yi sammu ne.