Ƙorafi kan kwalba ta bakwai da dashen ranar Alhamis

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Sa Ido kan Lafiyar Majinyata

Daga: Mai gwajin tsaftar kayan dashe, Ɗakin Gwaje-gwaje, hawa na biyu

Litinin, 9 ga Maris, 2026

Game da: Gurɓacewar garin aljinet da za a yi wa majinyaciyar gado na huɗu aiki da shi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafina. Kamar yadda mai girma ya sani, aljinet gari ne da ake tacewa daga ciyawar teku. Da shi muke yin 'yan ƙananan ƙwanso, mu sa ƙwayoyin halittar da ke samar da insulin a ciki, a dasa wa mai ciwon sukari. Ƙwanson ne ke ɓoye su daga garkuwar jiki. In garin bai tacu ba, shi da kansa yake tona musu asiri.

1. A watan Janairu na gwada kwalba ta bakwai, ta fita tsaf, na sa hannu a takardar da ke manne a jikinta. A lokacin garin yana rabin kwalba. Ranar 16 ga Fabrairu na tarar da ita cike har wuya.

2. Na tambayi Baba mai sito. Dattijo ne mai amana, amma shekara ashirin ke nan idonsa ba ya son ganin kwalba a rabi. Bai ɓoye mini komai ba: ciko ya yi mata daga buhun da ɗalibai suke koyon aiki da shi, wanda ba a tace ba. A ganinsa fari fari ne, suna ɗaya.

3. Ranar 17 ga Fabrairu na dasa wa beraye shida ƙwanson da na yi da garin. Ranar 3 ga Maris na buɗe su. Ƙwanson da ya kamata ya fito garau ya fito a dunƙule cikin wani farin nama mai tauri, kamar jijiya. Ƙwayoyin ciki duk sun mutu. Duka shidan, ranka ya daɗe.

4. Ranar 4 ga Maris na kai wa Babban Likita sakamakon. Ya duba a tsaye, ya ce bera daban mutum daban, kuma kwalbar tana da shaida, sa hannuna ne ma a kai. Ranar 6 ga wata na rubuta masa. Shiru. Yau da safe na je sito, kwalbar ba ta kan kantar da ake ajiye ta. An hau da ita ɗakin haɗa ƙwanso, kuma an cire sunana daga masu shiga ɗakin. Ruwa dai ba ya tsami banza.

5. An sa dashen ranar Alhamis, 12 ga Maris, da ƙarfe takwas na safe. Majinyaciyar malamar makaranta ce, shekararta uku tana jiran a samu ƙwayoyin da za su dace da ita. In jikinta ya tashi ya yaƙe su, an yi asararsu, kuma da wuya ya karɓi wasu nan gaba. Ɗazu a baranda ta gaishe ni da fara'a, ta yi mini addu'a. Wallahi kasa haɗa ido na yi da ita.

Saboda haka ina roƙon mai girma ya dakatar da dashen, ya sa a rufe kwalbar, a aika garin wani ɗakin gwaji daban. Ina roƙon kada a ɗora wa Baba mai sito laifin shi kaɗai, domin ba wanda ya taɓa hana shi ciko. Sannan a rubuta cewa na janye sa hannuna daga yau: rabin kwalba na shaida, ba cikakkiya ba.

Berayen suna cikin firjin ɗakina, gani ya kori ji. Su shida na buɗe na ga abin da ya faru. Ina roƙon Allah, ina roƙon mai girma, kada malamar ta zama ta bakwai.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai gwajin tsaftar kayan dashe