Muryar Inna a Kwamfutarka

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki, ya sanyin Jos? Mu nan Ƙofar Kwaya alhamdulillahi, sai jikin Inna, yau da dama gobe babu, ga yawan mantuwa.

Kwamfutar da ka bar mani in riƙa ɗaukar muryarta tana ba da tarihin gidanmu ta yi nauyi, har in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Na kai wa Malam Nura mai gyara, ya sa mata wani ɗan faifai kamar yatsa, wai SSD. Ya ce ɗan dako ne, shi ke fara karɓar kaya, daga baya ya miƙa wa babban faifan. Yanzu gudu take kamar me.

Amma da zan tafi ya ce, "Batirin na riƙe caji?" Na ce a'a. Ya ce, "To Allah Ya sa kada a ɗauke wuta kaya na kan ɗan dako."

Ranar Talata aka ɗauke wutar, Inna na tsakiyar jero sunayen kakanninmu. Fayil ɗin na nan, amma in na taɓa shi, shiru. Na ce ta maimaita mani, sai ta dube ni ta ce, "Su wa?"

Yaya, ka aiko da batiri, ko ka zo ka ji da kunnenka. Kada ka jira Sallah.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Anti Hajara da yara.

Ƙanenka,
Bishir