Ƙorafi Kan Kwanaki Talatin da Suka Ƙare Ina Cikin Takaba

Daga: Awadiya Hamad an-Nil,
Matar Marigayi Fadlul Maula Babikir,
Unguwar Ardul Liwa, Alƙahira.
15 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ofishin Lauyoyin Kyauta
na Baƙi da 'Yan Gudun Hijira.

Ranka ya daɗe,

Game da: Hana ni lauya har sau uku, da rufe fayil ɗin iyalina.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni 'yar gudun hijira ce daga Nyala ta ƙasar Sudan, ina da 'ya'ya biyu, Tasnim mai shekara bakwai da Muhannad mai huɗu. Katin zamanmu zai ƙare ranar 31 ga Agusta. Idan ya ƙare fayil yana rufe, za a iya kama mu a kan titi a mayar da mu garin da aka ƙona mana gida. Ina roƙon a saurari abin da ya faru.

1. Ranar 6 ga Fabrairu, ni da maigidana muka zo ofishinku neman lauya, domin hukumar 'yan gudun hijira ta sa mana ranar tantancewa kan neman mafakarmu, 12 ga Maris, kuma fayil ɗin da sunansa yake. Ma'aikacin taga ta biyu ya ce mun yi gaggawa, wai lauyan kyauta ba ya shiga magana sai an ƙi mutum. Muka yi godiya muka koma.

2. Ranar 3 ga Maris, Allah ya yi wa maigidana rasuwa, saura kwana tara a kira shi. Na ɗaura farin mayafi na zauna kan tabarma kamar yadda uwata ta yi wa ubana. A wurinmu mai takaba ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Ranar tantancewa ta wuce ana karɓar gaisuwa. Ban tuna da ita ba, kuma ba zan yi ƙaryar na tuna ba.

3. A farkon Afrilu, cikin azumi, takarda ta zo cewa an rufe fayil saboda mai shi bai halarta ba. Ni ban iya karatu ba. Wani maƙwabci ya karanta mini fuskar takardar, bai juya bayanta ba. Ranar 8 ga Afrilu na aiki Hajja Sittana, dattijuwar da ke taya ni zaman takaba, ofishinku da takardar da shaidar rasuwa. Ta hau mota biyu da azumi a bakinta da ciwon gwiwa. Aka ce mata ba a karɓar ɗan aike, sai mai magana ta zo da ƙafarta. Ta ce ai matar takaba take. Aka ce to idan ta fita ta zo. Wannan kalmar na riƙe, ranka ya daɗe, na zauna da ita hankali kwance.

4. Na fita takaba ranar 9 ga Yuli. Washegari da sassafe ina bakin ƙofarku. Ma'aikacin nan dai ya juya takardar, ya nuna mini ƙananan layuka a baya: kwana talatin ake ba mutum ya ɗaukaka ƙara, kuma sun ƙare tun 2 ga Mayu. Ya ce na makara. Ban yi masa rashin kunya ba. Na dai tsaya har waɗanda ke bayana a layi suka fara tsaki.

5. Ba na ɓoye nawa laifin. Limamin masallacinmu ya gaya mini daga baya cewa addini bai hana mai takaba fita don lalura ba. Da na sani, da na zo ko da rarrafe. Amma wanda ya riƙe takardar a hannunsa ranar 8 ga Afrilu ya san saura kwana ashirin da huɗu, kuma kalma ɗaya ta ishi Hajja Sittana. Ni ina ɗaki ina jefa ƙwallon dabino a kwano kullum, don kada in rage wa marigayi ko kwana ɗaya daga haƙƙinsa. Ban san akwai wani lissafin da ke tafiya a kaina ba.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, ina roƙon a ba ni lauya da zai nemi a sake buɗe fayil ɗin da sunana kafin 31 ga Agusta. Idan kuma doka ta ce babu hanya, ina roƙon a manna sanarwa a ƙofarku, a kuma riƙa faɗa da baki, cewa takaba ba ta tsayar da kwanakin. A benenmu kaɗai mata biyu ne ke kan tabarma yanzu.

Na zo a Fabrairu an ce na yi gaggawa, na aika a Afrilu an ce sai na zo, na zo a Yuli an ce na makara. Ina roƙon mai girma shugaba ya rubuta mini ranar da ya kamata in zo, don in san abin da zan gaya wa Tasnim idan ta girma ta tambaye ni.

Allah ya ƙara girma da adalci.

Mai biyayya gare ka,
Awadiya Hamad an-Nil
(Mai rubuta takardu na bakin titi ya rubuta, ni na dangwala.)