'Yata Ta Rubuta Mini Tuban Da Ban Yi Ba

Malama, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗaure, kuma kwana tara kacal suka rage.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran injinan sanyaya iska a ƙasar waje, a wani ɗaki can ƙarƙashin ƙasa, inda ake ajiye makaman nukiliya. Ni ba soja ba ne, ko bindigar wasa ban taɓa riƙewa ba. Daga sifana sai gwangwanin giris, sai allurar awon zafi da nake zuba wa ido kada ta haura jan layi. Na yi ritaya da ciwon gwiwa da kunne ɗaya da ƙugin inji ya cinye.

To, autata, wadda na koya wa keke da hannuna, yanzu tana aiki da wata ƙungiya mai neman a kwance makaman nan gaba ɗaya. Yarinya ce mai kai, in ta fara magana sai ka ajiye cokali. Za su yi babban taro, har da wakilan ƙasashe, ta roƙe ni in tashi in yi jawabi. Na amsa da murna, wallahi har sabon takalmi na saya. Sai ga ta da takarda shafi biyu, wai ta sauƙaƙa mini. Layi na uku cewa yake na yi nadamar ɓata rayuwata ina yi wa mutuwa hidima.

Malama, ban yi nadama ba! A ganina tsoron juna ne ya hana manyan ƙasashen nan afka wa juna, don kowa ya san in ya harba, shi ma ba zai sha ba. Na gwada karatun nan a gaban madubi ya fi sau goma, da na iso layin sai in ajiye takardar. Uwarta dariya ma take mini, wai tsofai-tsofai da ni ina rigima da madubi.

Amma ba zan ɓoye miki ba, na ga abin tsoro. Na ga wayar lantarki ta tsufa, na ga ƙarfe ya yi tsatsa, na ga ma'aikaci mai mura yana gyangyaɗi a bakin aiki. Ina so a rage makaman, amma kowa ya rage, kowa na kallon hannun kowa. In na karanta takardarta, na yi ƙarya a bainar jama'a. In na ƙi, ina tsoron ta ɗauke ƙafa daga gidana, don mun taɓa yin wata huɗu ba ma ga-maciji a kan wannan batu. Yaya zan yi?

Tsohon Makanike

Baba Makanike, sannu da ƙoƙari. Kada ka karanta layin nan, kuma kada ka fasa zuwa.

'Yarka ta yi kuskure, ba a rubuta wa mutum tubansa. Amma dubi dalilinta: so take ta yi alfahari da kai a gaban abokan aikinta ba tare da ta saki abin da ta yarda da shi ba. Kuma tana da hujja, domin tsoron juna yana aiki ne muddin babu wanda ya yi kuskure, kai kuwa ka ga mai gyangyaɗi da idonka. Kai ma kana da taka, wanda ya ajiye nasa shi kaɗai bai san abin da maƙwabci zai yi ba. Masana sun yi shekara da shekaru suna wannan musu, ba ku biyu za ku kashe shi a falo ba.

Ka je ka same ta gobe, ban da waya. Fara da cewa za ka zo, sannan ka nuna mata layin. Ka rubuta naka da hannunka, shafi ɗaya: tsatsar nan, tsohuwar wayar nan, da shawararka ta a rage tare ana duba juna. Ka kiyaye duk abin da ka yi rantsuwar rufewa a wurin aiki.

Zauren irin wannan taro ya sha jin tubabbu. Wanda bai cika samu ba shi ne mutumin da zai ce bai yi nadama ba, amma a rage. Wakilan masu riƙe da makaman irin muryarka suke iya saurara, ita ma za ta gane haka, ko da ta yi fushin kwana biyu.

Cikin duk mutanen da ta sani, ubanta ta zaɓa ya tsaya kusa da ita. Mai shirin guduwa ba ta yin haka. Allah ya buɗe maka baki ranar, ya bar ku tare.